Sandan Awo A Hannun Wa?

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2014, sa'ad da garin Mubi ya faɗa hannun 'yan Boko Haram, Yola da Jimeta suka cika maƙil da baƙi. Waɗansu suka kwana a harabar babbar majami'ar St. Theresa, waɗansu a sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Damare, waɗansu a Malkohi, amma mafi yawa a gidajen dangi da na 'yan'uwa masu bi suka sauka. Bayan masu kawo hatsi da barguna, sai wani ayari dabam ya biyo baya, wato samari da 'yan mata riƙe da takardun tambayoyi. Shekarunki nawa? 'Ya'ya nawa kika haifa, nawa ke raye? Kina samun barci? Sau nawa kuka ci abinci jiya? Wata dattijuwa da ta sauka a gidanmu ta yi ta amsa irin waɗannan tambayoyi har ta haddace su. Ran nan da yamma muna zaune a tsakar gida, tana tsintar wake, sai ta dube ni ta ce, "Ɗana, kai da ka yi karatu, amsoshin nan da nake ta bayarwa, ina ake kai su? Ni dai ƙafata ce ke hana ni barci, ba kuwa wanda ya tambaye ni ita."

Ban iya ba ta amsa ba a ranar. Yaran nan ba mugaye ba ne, kuma da alƙaluman da suka tattara ne aka san yawan abincin da za a kawo. Duk da haka tambayarta ta tsaya mini a rai, gama ta taɓa abin da masana kiwon lafiya suka daɗe suna fama da shi. Kowane bincike a kan lafiya yakan ce domin mutane ake yinsa. To, yaya za a san ko gaskiya ne? Akwai mudun da za a auna wannan da shi? In kuwa akwai, wa ya kamata ya riƙe shi?

A takarda dai an gama magana. Nijeriya tana da kwamiti na ƙasa mai lura da ɗa'ar binciken lafiya, wanda ya fitar da ƙa'idodinsa a 2007. A Amurka an kafa wata hukuma da doka a 2010, ana ce da ita PCORI, mai ba da kuɗin bincike bisa sharaɗin a sa marasa lafiya cikin shawara. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya kuma, wadda ta rubuta Sanarwar Helsinki a 1964 domin ta zama ja-gora ga masu gwaji a jikin ɗan Adam, ta sake gyara ta a watan Oktoba na 2024. A gyaran nan ta daina kiran mutane da sunan da ke nuna su abin gwaji ne, ta koma kiransu masu sa hannu cikin aikin, ta kuma bukaci a yi shawara da su da al'ummarsu kafin bincike, da lokacin da ake yinsa, da bayansa.

Amma mu da muke cin kasuwar Jimeta mun san cewa mudu ba ya ƙarya, mai mudu ne ke yi. Da zarar masu ba da kuɗi suka ce sai an nuna musu shaidar cewa an tafi tare da jama'a, sai a shiga ƙirga abin da ke da sauƙin ƙirgawa. An yi taro nawa, mutum nawa suka zo, nawa suka sa hannu ko suka dangwala yatsa, ga kuma hoto tare da mai unguwa. Ana iya cika dukan waɗannan layuka ba tare da an canja ko harafi ɗaya a cikin shirin da aka zo da shi daga Abuja ko daga Turai ba. Wannan mudu ne da aka bubbuge gindinsa ya shiga ciki. A ido ya cika har ya yi tozo, a tukunya kuwa ba ya kai yara.

Ƙasarmu ta biya kuɗin wannan darasi da tsada. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa arewa, ta kashe mutane fiye da dubu goma. Ana cikin haka kamfanin magunguna na Pfizer ya aiko da ma'aikatansa Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa da ke Kano domin gwajin wani sabon magani mai suna Trovan. Aka ɗauki yara 200, aka ba wajen rabinsu sabon maganin, sauran kuma wani sanannen magani domin a gwada. Yara 11 suka rasu, biyar daga masu shan Trovan, shida daga ɗaya ɓangaren. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, cewa waɗanda suka rayu a hannunsa sun fi yawa in an gwada da yadda annobar ke kisa, kuma an yi wa iyaye bayani da baki sun yarda. Iyaye da yawa kuwa suka ce ba su taɓa sanin gwaji ake yi ba, su a zatonsu magani kawai ake ba 'ya'yansu. Daga baya ta bayyana cewa takardar da aka nuna a matsayin amincewar kwamitin ɗa'a, bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba, iyalai na farko kuma ba su karɓi diyya ba sai a 2011.

Ku lura da wani abu a nan. In da mudun masu gwajin za a auna, wato yawan yaran da suka rayu, za a iya cewa aiki ya yi kyau. Amma akwai abin da mudun nan ba ya ɗauka. Uba ya miƙa ɗansa ga likita yana zaton abu ɗaya ake yi, ashe abu biyu ake yi. An karɓi wani abu daga hannunsa wanda bai bayar ba, ko da yaron ya warke. Bashin nan kuwa bai tsaya a kan iyalai 200 ba. A 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da waɗansu jihohi, labarin Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa ambata. Ba a koma yin rigakafin a Kano ba sai a watan Yuli na 2004, cutar kuwa ta riga ta ƙetare iyaka, daga baya har ta kai ƙasashe wajen ashirin. Yaran da suka shanye a lokacin ba su shiga lissafin gwajin 1996 ba, amma ni a ganina suna cikin sakamakonsa.

Ba na so mai karatu ya ɗauka cewa bincike abin gudu ne. Akwai wani labari dabam, wanda Yola ke da hannu a ciki, ko da yake kaɗan ne daga cikinmu suka san shi.

Dattawanmu da suka tashi a bakin koguna masu gudu, a nan Adamawa da Taraba, sun san garuruwan da yaro ke jan babba da sanda. Cutar makantar kogi ce. Wani ɗan baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu ke ɗauke da ita. In ya ciji mutum sai ya bar masa tsutsa, ta girma a ƙarƙashin fata, ta yi ta haifar 'ya'ya dubbai masu yawo cikin fata da ido. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta ga duk mai bukata, har iyakar lokacin da ake bukatarsa. Sai dai maganin 'ya'yan tsutsar yake kashewa, uwar kuwa tana iya kai shekara 15 a jikin mutum. Saboda haka dole dukan gari su riƙa sha kowace shekara, shekaru masu yawa. Magani ya samu kyauta, amma wa zai riƙa kai shi ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina, shekara bayan shekara?

Wajen 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi bincike a ƙasashe da dama na Afirka a kan wannan tambaya. Ɗaya daga cikin rukunonin masu binciken daga Yola yake, a ƙarƙashin Oladele Akogun na Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda yanzu ake kira Jami'ar Modibbo Adama, suka kuwa yi aikinsu a ƙauyukan yankin Takum. Abin da aka gwada mai sauƙin faɗi ne. A waɗansu ƙauyuka ma'aikata ne suka tsara yadda za a raba maganin, suka ce wa mutane ga yadda za ku yi. A waɗansu kuma aka yi wa mutane bayanin cutar da maganin, sa'an nan aka bar musu shawara: su zaɓi mai rabawa, su sa rana, su yanke ko gida gida za a bi ko a taru wuri ɗaya. Da aka haɗa sakamakon ƙasashen, sai aka ga inda jama'a suka tsara abinsu magani ya fi kai wa mutane. A 1997 shirin yaƙi da cutar na Afirka ya ɗauki wannan hanya ta zama tasa, ta kuwa kai ga mutane miliyoyi.

Abin da ya fi burge ni cikin al'amarin shi ne sandan. A asibiti da nauyin mutum ake auna magani, amma ina sikeli a ƙauye? Sai masu bincike suka gano cewa tsawon mutum ya isa ya nuna yawan ƙwayoyin da zai sha. Aka ɗauki sanda aka yi masa alamu. Yaron da bai kai santimita 90 ba, ba a ba shi. Daga nan zuwa sama, ƙwaya ɗaya, biyu, uku, har huɗu ga dogon mutum. Mai ciki da mai ciwo mai tsanani a ɗaga musu. Manomi wanda bai wuce firamare ba yana iya riƙe sandan nan, ya tsai da maƙwabcinsa a jikinsa, ya ƙirga masa ƙwayoyi, ya rubuta a littafin gari. Ilimin da ke kulle a ɗakin gwaji ya sauko ya zama itace a hannun mutumin da garinsu ya zaɓa, wanda in ya yi sakaci surukarsa ma za ta iya tsawata masa.

Akwai kuma wani abu da sauraron mutane ya tono. Shekaru da yawa likitoci makanta suke ƙirgawa, har sunan cutar ma daga nan ya fito, shi ya sa aka fi mai da hankali ga yankunan da ake makancewa. Wata masaniya 'yar Nijeriya, Uche Amazigo, ta zauna da matan karkara a ƙasar Inugu, ta ji abin da ke damunsu. Ƙaiƙayi ne wanda ba ya barin mutum ya yi barci ko ya yi noma, da lalacewar fata wadda ke sa a guji budurwa a fasa aurenta. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar cewa wannan ƙaiƙayi babban kaso ne na wahalar da cutar ke jawowa. Ita ce daga baya ta shugabanci shirin na Afirka, daga 2005 zuwa 2011. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Likitocin ba su yi ƙarya ba da suka ƙirga makafi, amma abin da suka zaɓa su ƙirga ya rufe musu ido ga abin da ba su zaɓa ba.

Daga 2005 zuwa 2007 aka sake wani bincike a gundumomin lafiya 35 na Nijeriya da Kamaru da Yuganda, rukunin Yola kuma yana ciki, domin a ga ko hanyar nan za ta ɗauki waɗansu kaya. Ta ɗauka a wajen zazzaɓin cizon sauro, inda yaran da suka sami maganin da ya dace suka ninka, haka kuma a wajen gidan sauro da sinadarin bitamin A. A wajen lura da masu shan maganin tarin fuka kuwa ba a ga wani ƙarin amfani ba, masu binciken suka kuwa rubuta haka. Wannan ma abin yabo ne, domin mai son a yarda da shi a kan nasara, sai ya faɗi inda bai ci ba.

Yanzu bari in kawo abin da mai hankali zai iya faɗa a kan duk wannan, gama akwai shi, yana kuwa da nauyi. Da fari, jama'a ba su san kome da kome ba. Ba taron gari ne ya gano Mectizan ba, daga ƙwayoyin halitta na cikin ƙasar Japan aka samo asalinsa, a hannun masana biyu da aka ba lambar Nobel a 2015. Da za a bar wa ƙuri'a ta yanke ko magani yana aiki, da mun halaka. Wannan gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a ba talaka madubin ɗakin gwaji. Abin da ke nasa shi ne ya faɗi ciwon da ya fi damunsa, ya san abin da za a yi a jikinsa, ya yarda ko ya ƙi, ya kuma ji abin da aka samu.

Na biyu ya fi wuya. Wace ce "jama'a"? Sau da yawa in an ce gari ya yarda, mai gari ne da dattawa biyar suka yarda. Matan suna bayan zana. Bafulatanin da ke rugga a gefen gari ba a kira shi ba, mai ciwon da ake jin kunyarsa bai fito ba. A cikin shirin Mectizan ɗin kansa an daɗe ana kukan cewa mata kaɗan ne ake zaɓa su yi rabo. Ga kuma maganar lada. Masu rabon nan yawanci ba su da albashi, sukan bar gonarsu su bi gida gida, alhali wanda ya zo duba aikinsu da mota ya zo, da kuɗin kwana a aljihu. Wani lokaci "mun ba jama'a iko" fassararsa ita ce "mun ɗora wa matalauta aikin da ba ma so mu biya." Ban san wata amsa mai sauƙi ga wannan ba, kuma ina shakkar duk rahoton da bai ambace shi ba.

Masana sun yi ƙoƙarin ƙera mudun da ya fi ƙirgan kujeru. A 1988 Susan Rifkin da abokan aikinta suka kawo wani zane mai kama da saƙar gizo, mai ƙafa biyar: wa ya faɗi bukatar, wa ke shugabanci, yaya aka tsara ƙungiyar aikin, daga ina kayan aiki suka fito, wa ke gudanarwa. A kowace ƙafa a sa alama, kusa da tsakiya in ma'aikata ne ke yin kome, can nesa in jama'a ne. Yana da amfani ƙwarai, musamman in an sake zana shi bayan shekara biyu a ga ko ya buɗe. Amma in mai binciken ne ya zauna a ofis ya sa wa kansa alamun, mun koma gidan jiya. Shi ya sa na ce tambayar farko ba irin mudun ba ce, hannun da ke riƙe da shi ne. Ni da za a tambaye ni shaida ɗaya tak, sai in ce a nuna mini abin da aka canja cikin shirin saboda maganar mutanen, ko wurin da suka ce a'a aka kuwa tsaya.

Mu masu bi muna da dalilinmu na ɗaukar wannan da nauyi. A cikin Bishara ta hannun Markus, sura 10, makaho Bartimawas yana bara a bakin hanyar Yariko, ya yi ta kira har aka kirawo shi ya zo gaban Yesu. Kowa a wurin yana ganin abin da ke damun mutumin. Duk da haka Ubangiji bai warkar da shi ba sai da ya tambaye shi abin da yake so a yi masa, ya kuma jira amsa. Wanda ya san abin da ke cikin zuciyar mutum bai bukaci bayani ba. Tambayar domin Bartimawas ce, wanda taron ya gama tsawata masa ya yi shiru, aka mai da shi mai magana a kan al'amarin kansa. In shi wanda ya sani ya tambaya, ina dalilin wanda ya zo nema domin bai sani ba?

Amma in kura tana maganin zawo, ta yi wa kanta. Ekklesiya ma ta daɗe cikin aikin lafiya a ƙasar nan, tun zuwan likita Niels Brønnum Numan a 1913, da asibitin kutare na Garkida. An yi alheri mai yawa, sai dai galibi irin na mai bayarwa ne da mai karɓa. A Garkidan ne kuma, daga 1974, aka fara shirin lafiyar karkara na Lardin Gabas, inda ƙauye ke kafa kwamitinsa, ya zaɓi waɗanda za a koyar, su komo suna koyar da lafiya ta hanyar labarai da waƙoƙi. Ashe mun taɓa sanin hanyar. Yau fa? Sau nawa baƙo ke zuwa wurin fasto da wasiƙa, a yi sanarwa ranar Lahadi bayan baiko, a ce kowa ya tsaya bayan sujada za a ɗebi jini ko za a cika takarda? Wa zai iya tashi ya fita a gaban dattawa? Fasto ya ba da aron amincin da jama'a suka ba shi, sau da yawa bai karanta abin da ke cikin wasiƙar ba. Yardar da aka samu ta haka, da kunya aka same ta.

Saboda haka kafin a buɗe wa mai bincike ƙofar majami'a ko ta gida, ya kamata dattawa da shugabannin zumuntar mata su zauna da shi su tambaya. Wane kwamitin ɗa'a ne ya amince, ina takardarsa? Jinin nan ina za a kai shi, har yaushe za a ajiye shi? In wani ya cutu, wa zai yi jinyarsa? Yaushe za ku dawo ku gaya mana abin da kuka samu, da wane harshe? A kuma faɗa daga kan bagade, a fili, cewa wanda bai so ba ya tafi gida abinsa, ba abin da zai rasa a asibiti ko a ekklesiya, gama ƙa'idar ƙasa ta ba shi wannan dama, har ma ya janye bayan ya fara. Mai bincike na kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, sau da yawa ma yakan yi murna ya sami wanda ya kula. 'Ya'yanmu da ke karatun likita da jinya a Yola, waɗanda za su fita da takardun tambayoyi domin aikin kammala karatu, su ma a gida ya kamata su fara jin wannan.

Dattijuwar nan ta koma garinsu a 2015, bayan hanya ta buɗe. Ƙafar tata, wata ma'aikaciyar jinya ce cikin zumuntar mata ta lura da ɗingishinta ranar Lahadi, ta zo gida ta duba, ta yi ta wanke mata gyambon har ya rufe. Amsoshin da ta bayar kuwa, har ta hau mota a tasha ba wanda ya dawo ya gaya mata abin da aka yi da su.